Kevin Macdonald: darakta ɗaya, fim ɗin gaskiya da na ƙirƙira

Tambaya: “Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karanta aikin jarida, kuma na ɗan fara haɗa gajerun finafinan gaskiya da wayata. Kwanakin baya na kalli The Last King of Scotland, fim ɗin Idi Amin, sai wani ya ce min daraktansa, Kevin Macdonald, asalinsa mai finafinan gaskiya ne, har ya ci Oscar a kansu. Yaya aka yi mutum ɗaya ya iya ayyukan nan biyu? Shin fim ɗin gaskiya tsani ne kawai da ake takawa a hau zuwa babban fim, ko sana’a ce mai zaman kanta? Ina so in san ta ina zan fara.”

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta haɗa abu biyu: tarihin aikin wannan mutum, da kuma matsayin fim ɗin gaskiya a wurin mai son zama darakta. Amsata a taƙaice ita ce, Macdonald bai riƙi sana’a biyu ba. Abu ɗaya ya iya sosai: ya nemo abin da ya faru da gaske, ya sa waɗanda abin ya shafa su buɗe baki, sannan ya jera shi yadda mai kallo ba zai iya tashi daga kujera ba. In ya samu wannan a ƙarƙashin fim, ko da jarumai ne suke wasan, fim ɗin yana tsayawa da ƙafarsa. In bai samu ba, aikin yakan fito da tsabta amma babu rai. Na daɗe ina aikin tace finafinan gaskiya da koyar da shi, kuma ayyukansa na cikin waɗanda nake sa ɗalibai su kalla, wani wurin don su koyi dabara, wani wurin don su ga inda dabara take iya cutar da gaskiya.

Gidan da ya fito

An haife shi a birnin Glasgow na Sikotland a 1967, ya yi karatu a jami’ar Oxford. Kakansa na wajen uwa shi ne Emeric Pressburger, Bayahude ɗan ƙasar Hungari wanda ya yi rubutun fim a Jamus, ’yan Nazi suka hau mulki ya gudu, ya ƙare a Ingila. A can ya haɗu da Michael Powell, su biyun suka yi finafinan da har yau ake lissafa su cikin mafi kyau a tarihin Birtaniya, irin su The Red Shoes na 1948. Yayan Kevin kuma, Andrew Macdonald, shi ne furodusan Trainspotting na 1996. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ba laifi ba ne a faɗi cewa wannan gida ya buɗe masa ƙofofin da wani zai shekara yana ƙwanƙwasawa.

Sai dai abin da ya yi da wannan gado ya fi gadon muhimmanci. Bai fara da kyamara ba, da rubutu ya fara. A 1994 ya fitar da littafin tarihin kakan nasa, shekara mai zuwa ya mayar da shi fim ɗin talabijin mai suna The Making of an Englishman. A 1996 shi da Mark Cousins suka tattara rubuce-rubucen magabata a kan fim ɗin gaskiya cikin littafi guda, Imagining Reality. Daga nan ya bi da gajerun ayyuka a kan wasu daraktoci: Howard Hawks, Donald Cammell, Errol Morris, Humphrey Jennings. Ka lura, kusan duk shekarunsa na farko ya ƙarar da su ne yana nazarin yadda wasu suka yi fim. Makarantarsa ke nan. Kuma ƙasar da ya fito tana da hannu a wannan fanni tun asali, domin John Grierson, wanda ya kafa ginshiƙin fim ɗin gaskiya a Birtaniya tun wajen 1930, shi ma ɗan Sikotland ne.

Munich, da abin da ya jawo masa yabo da suka

Aikin da ya fito da shi duniya shi ne One Day in September na 1999. Labarin abin da ya faru ne a gasar Olamfik ta birnin Munich ranar 5 ga Satumba 1972, lokacin da Falasɗinawa takwas na ƙungiyar Black September suka shiga masaukin ’yan wasan Isra’ila suka yi garkuwa da su. Kafin gari ya waye washegari, ’yan Isra’ila 11 sun mutu, tare da maharan 5 da ɗan sandan Jamus 1.

A wancan lokaci abin da aka saba gani a irin wannan batu shi ne masana zaune gaban ɗakin karatu suna bayani, ana sako tsofaffin hotuna a tsakani. Macdonald ya ƙi wannan hanya. Ya gina fim ɗin kamar na ’yan leƙen asiri: agogo na tafiya, wa’adin da maharan suka bayar na ƙaratowa, kiɗa mai ƙarfi, da muryar jarumi Michael Douglas tana jan labarin. Ya samu matar ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe, Ankie Spitzer, ta ba da labarin mijinta. Ya samu jami’an Jamus suka yi magana a kan sakacin da aka yi: a filin jirgin da aka yi yunƙurin ceto an ajiye maharba 5 don mutum 8, ’yan sandan da aka ɓoye cikin jirgin sama sun janye kafin lokaci, kuma tun da rana gidajen talabijin suna haska ’yan sanda suna lallaɓawa a saman rufi alhali maharan suna da talabijin a ɗakin. Babban abin da ya cim ma shi ne hira da Jamal Al-Gashey, ɗaya daga cikin maharan uku da suka tsira, wanda ya shekara da shekaru a ɓoye. Ya yi magana fuskarsa a duhunce. Fim ɗin ya ci Oscar a shekarar 2000.

Na kalli wannan fim sau da yawa, kuma ra’ayina a kansa kashi biyu ne. Ta fuskar sana’a, darasi ne cikakke a kan yadda ake jera abin da kowa ya san ƙarshensa amma zuciya ta ci gaba da bugawa. Ta fuskar adalci kuwa, sukan da aka yi masa yana da tushe. Mai kallo yana sanin ’yan wasan a matsayin mutane masu mata da ’ya’ya, amma dalilin da ya sa saurayi ya taso a sansanin ’yan gudun hijira har ya ɗauki bindiga, an taɓa shi ne sama-sama, an wuce. Bayyana dalili ba ya nufin wanke laifi, kashe waɗanda aka yi garkuwa da su ta’asa ce. Amma fim ɗin da ya ware fiye da awa ɗaya da rabi ga rana guda yana da sararin da zai ba tarihin Falasɗinu fiye da abin da ya ba shi. Akwai kuma wurin da ya jera hotunan gawarwaki yana sako kiɗan rok a kai. Wannan ni ban taɓa yarda da shi ba. In na ga ɗalibi ya yi haka da gawar wani, zan ce ya cire, domin mamacin yana da dangi da za su kalla.

Ka riƙe wannan, don zai dawo: dabarar da ta sa fim ɗin ya kama mutane ita ce kuma ta matse gaskiyar. Labari mai gudu ba ya son tsayawa ya yi bayani.

Igiyar da aka yanke

A ganina mafi kyawun aikinsa shi ne Touching the Void na 2003, kuma a nan ne amsar tambayarka take. A 1985 wasu matasan Birtaniya biyu masu hawan dutse, Joe Simpson da Simon Yates, suka hau tsaunin Siula Grande a ƙasar Peru, mai tsayin sama da mita 6,300. Sun kai ƙololuwa lafiya. A hanyar saukowa Simpson ya faɗi ya karya ƙafa mummunan karaya a gwiwa. Yates ya riƙa zura shi da igiya sannu a hankali cikin guguwar ƙanƙara, har aka kai wani wuri da Simpson ya zarce bakin gaɓa ya rataye a sarari, ba ya iya hawa, shi kuma Yates ba ya ganinsa, ba ya jinsa, nauyin yana jan shi zuwa ga halaka. Bayan dogon jira Yates ya ciro wuƙa ya yanke igiyar. Simpson ya faɗa cikin wani zurfin rami na ƙanƙara. Bai mutu ba. Da ya ga ba zai iya hawa sama ba, sai ya ƙara nutsawa ƙasa cikin ramin har ya samu wata kafa ya fita, sannan ya ja jiki kwana uku babu abinci har ya iso sansaninsu, ya tarar abokin nasa ya riga ya ƙona kayansa, yana shirin tafiya.

Matsalar da ke gaban darakta ita ce babu hoton bidiyo na wannan abu ko na daƙiƙa ɗaya. In ya yi shi fim ɗin ƙirƙira zalla, mutum ɗaya ne ke rarrafe shi kaɗai, ba wanda zai yi wa magana, sai dai a ƙago masa surutu. In kuma ya yi shi hira zalla, kawuna biyu ne ke magana tsawon awa biyu. Abin da Macdonald ya yi shi ne ya zaunar da Simpson da Yates da abokin tafiyarsu Richard Hawking gaban kyamara, kowa shi kaɗai, suna kallon idon mai kallo suna ba da labari. Sannan ya ɗauki ’yan wasa ya kai su kan duwatsu, suka kwaikwayi abin da ya faru kusan ba tare da magana ba. Muryar ta masu abin ce, jikin na ’yan wasa.

Me ya sa wannan ya yi aiki? Na farko, ba a yaudari kowa ba. Tun daga farko ka san wane ne na gaske, wane ne mai kwaikwayo. Na biyu, kana ganin Simpson zaune da ransa yana magana, wato ka san ya tsira, amma hakan bai rage fargabar ba, domin tambayar ta tashi daga “zai rayu?” ta koma “ta yaya?”. Na uku, kuma shi ne babba, hirarrakin sun fito da abubuwan da marubucin fim ba zai yi ƙarfin halin ƙagowa ba. Yates ya amsa cewa yana saukowa yana tunanin wane labari zai shirya wa mutane wanda zai fi kare masa mutunci. Simpson ya ce a daren da yake cikin ramin ya jira ya ga ko zai koma ga addinin da aka raine shi a kai, bai koma ba. Ya kuma ce lokacin da hankalinsa ya fara gushewa wata waƙar ƙungiyar Boney M da ba ya ƙauna ta maƙale masa a kai, yana jin takaicin a kanta zai mutu. Mutum ba ya faɗin irin waɗannan sai wanda ke gabansa ya iya tambaya, ya kuma iya yin shiru.

Wannan shirun shi ne abin da na fi wahalar koya wa masu tasowa. A tawa sana’ar na sha zama ina tace hirar da aka yi da wani dattijo, in ga ya gama amsa, ya ɗan sunkuya, leɓensa na motsi zai ƙara wani abu, sai mai tambayar ya yi caraf ya jefo tambaya ta gaba daga takardarsa. Abin da dattijon zai faɗa ya tafi ke nan har abada. Amsar farko galibi wadda mutum ya saba bayarwa ce. Ta biyun, wadda ke zuwa bayan an bar shi da shirunsa, ita ce fim ɗin.

Touching the Void ya ci kyautar BAFTA, wato babbar kyautar finafinai ta Birtaniya, a rukunin fim ɗin Birtaniya mafi kyau a 2004, ya doke finafinan ƙirƙira. Kuma a kan waɗancan duwatsu ne Macdonald ya fara sarrafa ’yan wasa, da tsara inda kyamara za ta tsaya, da haɗa fage daki-daki. Wato bai yi tsalle daga wannan sana’a zuwa waccan ba, a cikin fim ɗaya ya ratsa.

Idi Amin

Fim ɗin da ka kalla ya fito a 2006, an ciro shi daga littafin Giles Foden na 1998. Hannun mai fim ɗin gaskiya a bayyane yake a cikinsa. Ya tafi Yuganda ya ɗauki fim ɗin a Kampala da kewayenta, a tsakiyar mutanen da iyayensu da su kansu suka rayu ƙarƙashin Amin daga 1971 zuwa 1979, a maimakon ya je wata ƙasa mai sauƙin aiki ya yi kamar nan ce. Shi da mai ɗaukar hoto Anthony Dod Mantle sun bar kyamara tana rawa a hannu, tana zuƙowa kwatsam, launi ya yi zafi kamar tsohon hoton labarai na shekarun 1970. Forest Whitaker ya koyi Suwahili, ya gana da mutanen da suka san Amin, ya fito da shi yadda yake da ban tsoro daidai lokacin da yake ba ka dariya. Ya ci Oscar na gwarzon jarumi a 2007, fim ɗin kuma ya sake kawo wa Macdonald kyautar BAFTA.

Amma ga inda nake so ka buɗe ido. Likitan nan ɗan Sikotland, Nicholas Garrigan, wanda James McAvoy ya fito a matsayinsa, babu shi a tarihi. Ƙago shi aka yi. Amin ya yi Turawa na kusa da shi, wanda aka fi sani shi ne Bob Astles, amma Garrigan ba shi ba ne. Ƙago mutum a fim ba laifi ba ne. Damuwar ita ce abin da aka yi da Kay, matar Amin. Ita mace ce ta gaske, ta mutu a 1974, an samu gawarta an daddatsa. Fim ɗin ya ɗauki wannan mutuwa ta gaske ya ɗora ta a kan soyayya da Baturen da bai taɓa wanzuwa ba, ya kuma matso da ita kusa da rikicin jirgin saman da aka sace aka kai Entebbe ta Yuganda a 1976 don labarin ya haɗu. Da yawa daga masu kallo sun tashi da yaƙinin haka aka yi, kuma salon ɗaukar, wanda ya yi kama da hoton gaskiya, shi ya ƙara musu yaƙinin. Ga kuma tsohuwar matsala: dubban ɗaruruwan ’yan Yuganda ne suka halaka, amma wanda aka sa mu ji tsoron kada ya mutu Bature ne guda. Za a iya kare fim ɗin da cewa bai mai da Garrigan gwarzo ba, ya nuna shi sakarai mai son kansa wanda ya rufe ido saboda daɗi. Haka ne. Duk da haka likitan Yugandan da David Oyelowo ya fito a matsayinsa shi ya ba da ransa don Baturen ya tsira ya kai labari, kuma ni wannan har yau yana tsaya min a rai.

Abin da ya biyo baya

Nasarar ta kai shi Hollywood. State of Play na 2009, da Russell Crowe da Ben Affleck, labarin ɗan jarida ne da ɗan majalisa, kuma tunda aikin jarida kake karantawa za ka ji daɗin yadda ya nuna ɗakin labarai. The Eagle na 2011 na zamanin Rumawa ne a Sikotland, How I Live Now ya zo a 2013, Black Sea na jirgin ƙarƙashin teku da Jude Law a 2014. Duk an yi su da ƙwarewa, babu wanda zan ce ya lalace, amma babu wanda nake komawa gare shi. In aka ɓoye sunan darakta ba lallai ka gane nasa ne ba.

A daidai waɗannan shekaru kuwa bai bar fim ɗin gaskiya ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen tsani. Wanda ya ɗauki abu tsani ba ya komawa kansa bayan ya hau. A 2007 ya yi My Enemy’s Enemy a kan Klaus Barbie, jami’in Nazi da Amurka ta yi amfani da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sannan ya zo da Life in a Day, wanda ya kamata ya fi jan hankalin mai aiki da waya irinka. Da haɗin gwiwar YouTube da darakta Ridley Scott aka roƙi mutanen duniya kowa ya ɗauki abin da ya yi ranar 24 ga Yuli 2010 ya aiko. An samu bidiyo kusan 80,000 daga ƙasashe 192, tsawon awa 4,500, shi da edita Joe Walker da tawagarsu suka tace su zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. A nan darakta bai riƙe kyamara ba ko sau ɗaya. Duk aikinsa zaɓe ne da jerawa. Tunanin ma ba sabo ba ne, ya samo asali daga wani shiri na tattara bayanan rayuwar talakawan Birtaniya da aka fara a 1937, wanda Humphrey Jennings, da Macdonald ya taɓa yin fim a kansa, yake cikin waɗanda suka kafa. Ka ga amfanin waɗancan shekaru na nazari. Ya sake yin irinsa a ranar 25 ga Yuli 2020, ana tsakiyar annobar korona.

Ya yi Marley a kan Bob Marley a 2012 da Whitney a kan Whitney Houston a 2018, duka da amincewar iyalan mawaƙan. Wannan amincewa tana buɗe maka akwatunan hotuna da bakin dangi, tana kuma iya ɗaure maka hannu. A Marley ya fara da kurkukun bayi na gaɓar tekun Ghana kafin ya sauka a tsaunukan Jamaika, ya kuma gina fim ɗin a kan yaron da ubansa Bature ne uwarsa baƙa, wanda ya taso yana jin ba ya cikin kowane ɓangare. A Whitney kuwa ya fito da wani zargi na cin zarafi tun tana yarinya, a kan wata ’yar uwa da ta riga ta mutu, wasu daga dangin suka musanta. Wadda ake zargi ba ta raye balle ta kare kanta, wadda aka ce an zalunta ita ma ta rasu tun 2012. Ko da mai fim ya gaskata waɗanda suka faɗa masa, wannan nauyi ne babba, kuma ban ga ya kamata mai farawa ya kusanci irinsa ba tare da hujja mai ƙarfi da shawarar lauya ba. A 2023 ya yi fim a kan mai zanen tufafi John Galliano, wanda aka kora daga kamfanin tufafi na Dior a 2011 saboda kalaman ƙin Yahudawa. Jikan Pressburger ne ya zauna gabansa yana tambayarsa.

The Mauritanian na 2021 shi ne inda ɓangarorin biyu suka sake haɗuwa da kyau. Labarin Mohamedou Ould Slahi ne, ɗan Muritaniya da aka tsare a kurkukun sojan Amurka na Guantanamo daga 2002 zuwa 2016 ba tare da an tuhume shi da laifi a kotu ba. Ya rubuta abin da ya same shi yana cikin kurkukun, aka buga littafin a 2015 da layuka masu yawa da hukumomin Amurka suka shafe da baƙi. Tahar Rahim ya fito a matsayinsa, Jodie Foster a matsayin lauyarsa Nancy Hollander, Benedict Cumberbatch kuma a matsayin Stuart Couch, lauyan soja da ya ƙi ci gaba da shari’ar da ya gano da azabtarwa aka samo bayanan. Macdonald ya matse faɗin hoton a duk fagen da ke cikin kurkuku don mai kallo ya ji ƙuncin, ya nuna Slahi yana sallarsa da addu’arsa a matsayin abin da ya riƙe shi, ba alamar tuhuma ba kamar yadda finafinan Amurka suka saba. Har yanzu lauyoyin Turawa sun ci lokaci mai yawa a fim ɗin, amma wannan karon mutumin da abin ya faru da shi yana raye, an yi aikin da saninsa, kuma a ƙarshe an nuno shi kansa a gidansa yana dariya. In ka jera wannan da fim ɗin Amin za ka ga mutumin da ya gyara wani abu cikin shekara 15.

Ta ina za ka fara

Kada ka ɗauki tarihinsa taswira. Ya taso a ƙasar da gidajen talabijin suke ba da kuɗin fim ɗin gaskiya, da rumbunan ajiya inda za ka nemi hoton 1972 ka samu, da sinimomi masu nuna irin wannan aiki. Mai aiki a Kano ko Damagaram ba shi da mafi yawan waɗannan, kuma hukuncin da na yanke wa finafinansa na mai tacewa ne, wani mai kallo zai iya jera su daban.

Abin da za ka iya ɗauka ba ya buƙatar kuɗi. Rashin tsofaffin hotuna, wanda shi ne babban ciwonmu, ita ce matsalar da Touching the Void ya warware. Akwai dattawa da rai waɗanda suka ga farin da aka yi a farkon shekarun 1970, akwai waɗanda suka je Makka ta ƙasa suka ratsa Chadi da Sudan. Ba wanda ya ɗauke su a lokacin. Za ka iya zaunar da ɗaya daga cikinsu ya ba da labari da bakinsa, sannan ka ɗauki hannu yana ɗaure kaya, ƙafa a kan yashi, rijiya da ta ƙafe, ba tare da ka sa wa ɗan wasa maganar da dattijon bai faɗa ba. Ka fi kula da sauti a kan hoto, domin mai kallo zai haƙura da hoto mai duhu amma ba zai haƙura da muryar da ba ya ji ba. Ƙaramar makirfo ta maƙalawa a riga ta fi maka sabuwar waya amfani.

Ka koyi tacewa da hannunka kafin ka fara mafarkin sarrafa jarumai. A fim ɗin ƙirƙira ana rubuta labari sannan a ɗauka, a fim ɗin gaskiya ana ɗauka sannan a gano labarin a wurin tacewa, kuma wanda ya saba da na biyun yana zuwa lokeshin ya riga ya san wane hoto zai buƙata. Abin da fim ɗin gaskiya ba zai koya maka ba shi ne magana da ɗan wasa, da rubuta zance, da riƙe ma’aikata masu yawa kowa na jiran umarninka. Wannan sai ka bi wani darakta ka yi masa mataimaki.

In za ka kalli ayyukansa don koyo, fara da Touching the Void, ka kalle shi sau biyu, na biyun ka rufe ido ka saurari muryoyin kawai, za ka ji cewa labarin a tsaye yake tun kafin a sa hoto. Sannan ka kalli One Day in September da takarda a hannu, kana rubuta minti nawa aka ba kowane ɓangare. Kuma duk ranar da ka sa wani ya kwaikwayi abin da ya faru da mutum na gaske, ka rubuta a fuskar fim ɗin cewa kwaikwayo ne, ka kuma nuna wa mai labarin ko iyalinsa kafin ka sake shi.